Sikwayar da Ba a Gwada Ba

Saura ƙiris wannan labari ya tafi ba a rubuta shi ba, domin wadda abin ya faru da ita har yau in an taɓo maganar sai ta sunkuyar da kai ta kama murza gefen mayafinta. Amma ajiye shi a ciki ya fi faɗinsa nauyi.

Auta ake ce mata a gida, a layin masu sayar da kayan aiki kuwa Shiru-shiru. Yayanta yana da ɗan shago a can, tsakanin mai fenti da mai walda, inda yake sayar da kayan aiki masu araha: guduma, fulaya, sukundireba, zarto, tef ɗin awo, irin waɗanda ake kawowa cikin kwali da rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Yaya ke tsayawa a bakin ƙofa yana ciniki da surutu. Ita kuwa tana ciki a kan benci, aikinta gwaji.

Marigayi babansu kafinta ne, kuma tun da ta bar makaranta a aji huɗu take zama gefensa tana miƙa masa kaya. A wurinsa ta koyi cewa araha daban, rashin kyau daban. A kwali guda na fulaya goma, za a samu huɗu da za su yi shekara biyar, uku su yi wata shida, sauran ko ƙusa ɗaya ba za su cire ba, alhali fentinsu ɗaya, kamfaninsu ɗaya. Sai ta ɗaga fulaya wajen haske ta rufe bakinta, in haske ya ratsa tsakanin haƙoran ta jefa ta gefe. Sukundireba kuwa magagari take goga wa bakinta, in ƙarfen ya ci kamar sabulu ta san ba ƙarfe ba ne. Guduma ta girgiza kanta ta ji ko yana rawa. Tef ta shimfiɗa shi jikin rular ƙarfe ta babanta. Duk abin da ya tsallake, sai ta tsoma kan ƙusa a gwangwanin shuɗin fenti ta ɗiga masa ɗigo ɗaya. Wanda ya faɗi ya koma kwalin ƙarƙashin benci, a mayar wa dila.

A hankali ɗigon nan ya zama abin da shagon ke ci da shi. Mutum zai wuce shaguna biyar ya zo ya ce, "Ba ni mai ɗigo." Yaya yakan yi dariya ya ce da shi ake ciniki amma ita ake saya.

Ranar da abin ya faru, kwalin sikwaya goma sha biyu aka kawo, ƙarfen nan mai kusurwa da kafinta ke daidaita yankan katako da shi. Gwajinta ba wuya, sai dai yana son natsuwa. A kafa ta a gefen katako miƙaƙƙe a ja layi da fensir, a juya ta ɗaya ɓangaren a sake ja daga wuri ɗaya. In layukan biyu suka kwanta a kan juna, sikwaya ta faɗi gaskiya. In suka buɗe kamar bakin almakashi, ƙarya take yi.

An ɗauke wuta ran nan, cikin shagon ba a gani sosai, dole ta fito da bencinta bakin ƙofa. Su kuma masu walda da ba su da aikin yi saboda rashin wutar suka zo suka kewaye ta.

"Likita, wannan za ta rayu kuwa?" in ji ɗaya.

"Ku yi shiru, awon ciki ake yi wa ƙarfe," in ji wani.

Ba da mugunta suke yi ba, ta sani. Amma Auta ba abin da ta tsana kamar a zuba wa hannunta ido. Fensirin ya fara zame mata, gumi ya tsattsafo a bayan wuyanta. Ta gwada ta farko, lafiya. Ta biyu, lafiya. Ta uku ma haka. Sai ta ce a ranta ai duk uwa ɗaya ta haife su, maganar da ita kanta ta san ba haka ba ce. Ta tsoma ƙusa a fenti, ta bi sauran tara ɗin ɗis, ɗis, ɗis, ta kwashi bencinta ta shige ciki. Ta yi niyyar gwada su washegari. Washegari aka kawo zartuna, ta manta.

A makon ne Baba Kafinta ya zo. Abokin babansu ne, tare suka koyi aiki, shi ya riƙe su kamar 'ya'yansa bayan rasuwar. Ya ce sikwayarsa ta shekara talatin ta faɗo daga kan tebur ta saki. Yaya ya miƙa masa sabuwa, ya ce ga katako nan in zai gwada. Tsohon ya kawo ta kusa da ido, ya ga shuɗin ɗigo, ya ce me zai gwada kuma bayan ɗiyarsa ta riga ta duba. Ya leƙo ciki ya ce, "Ko ba haka ba, Autar babanta?" Ta yi murmushi ta ce haka ne, Baba.

Bayan sati biyu Yaya ya shigo da labari. Wai babban kabad ɗin da wata mai ɗinki ta ba Baba Kafinta ya yi mata, mai ƙofofi huɗu, an kai an dawo da shi. Ba ƙofar da ta zauna daidai, kowacce in ta rufe a sama sai ta yi baki a ƙasa. Matar ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi girma ya zo wa Baba, wanda hakan ya fi faɗan zafi. Auta ta ji tausayinsa, ta ce Allah sarki. Ba ta kawo komai a ranta ba.

Kwana biyu bayan nan sai ga shi da kansa ya turo akwatin kayan aikinsa a baro. Ya rame, ya sa sabon tabarau da bai dace da fuskarsa ba. Ya zauna a kujerar Yaya ya ce ya gama. Ido ya tafi, hannu ya bi shi, kuma shi ba zai zauna yana ɓata katakon mutane ana rufa masa asiri don tsufa ba. A nemo masa mai saye, amma Auta ta fara duba kayan ta ware masu kyau, don kada a cuci wanda zai saya. Yaya ya yi ta ba shi baki, ya ce Baba kabad ɗaya ne fa. Tsohon ya ce wanda ya yi shekara arba'in yana aiki ya san ranar da aiki ya sallame shi.

Da ya tafi ta ja akwatin ciki ta buɗe. Kayan tsofaffi ne, ƙotocinsu sun yi santsi da baƙi saboda hannu, kowanne an shafe shi da mai an naɗe a tsumma. A samansu sabon abu ɗaya ne kawai, da shuɗin ɗigo a jikinsa.

Ta zaro sikwayar, ta ɗauko katako da fensir. Ta kafa, ta ja layi, ta juya, ta sake ja. A gindi layukan suna tare, kafin su kai ƙarshe sun rabu har ana iya kwantar da tsinken ashana a tsakaninsu. Ta ce ko katakon ne, ta canza katako. Ta ce ko fensirin ne, ta fiƙe shi. Sau biyar tana yi, sau biyar bakin almakashin nan yana buɗe mata.

Ta tura sikwayar ƙarƙashin benci, ta rufe da tsumma kamar wani zai ji warinta.

Ranar ba ta faɗa wa kowa ba, washegari ma haka. Tana zaune tana goga magagari a bakin sukundireba, amma ba ta san wadda ta ci da wadda ba ta ci ba. Duk wanda ya ce "ba ni mai ɗigo" sai ta ji kamar ya zage ta. A gida aka tambaye ta ko ba ta da lafiya ne da take tsakurar abinci, ta ce kanta ke ciwo. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne tabaran nan. Mutum ya je ya zauna an haska masa ido, ya yarda laifin jikinsa ne, duk don wasu masu walda sun yi mata dariya na minti goma.

A rana ta uku Yaya ya ce ya samo mai saye, jibi zai zo ya ɗauki akwatin. Sai ta jawo shi ciki ta nuna masa layukan, ta faɗa masa komai da muryar da sai da ya sunkuyo kafin ya ji. Ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya ce abin bai yi daɗi ba, amma ta yi tunani: in maganar ta fita layin nan, ɗigon ya mutu, kuma ɗigon ne tukunyar gidansu. A jefar da wannan, a sa mai kyau a akwatin, shi ke nan. Baba dai ya tsufa, yau ko gobe dama zai ajiye aikin.

"Yaya, ai ba akwatin ne ya lalace ba," ta ce.

Ya dube ta, don bai saba jin ta mayar da magana ba. Ya ce to ta yi abin da ta ga dama, amma kada ta ce shi ya aike ta.

Da la'asar ta naɗe sikwayar a mayafinta ta tafi. Sau biyu tana wuce ƙofar rumfar Baba Kafinta kamar mai zuwa wani wuri, sai a na uku ta yi sallama. Rumfar an share ta tas, ba ko ɓawon katako a ƙasa, abin da ba ta taɓa gani ba. Kabad ɗin yana tsaye a ƙurya, ƙofofinsa huɗu a jingine da bango. Tsohon yana zaune a kan teburin aikinsa yana sauraron rediyo.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Sai kawai ta ɗauko guntun katako ta ajiye a gabansa, ta ɗora sikwayar da fensir a kai.

Ya dube ta, ya dubi kayan. Ya kashe rediyon. Ya ja layi, ya juya, ya sake ja, hannunsa ko rawa bai yi ba. Ya cire tabaran ya duba, ya mayar ya sake dubawa.

"Ban gwada ta ba, Baba," ta ce, idonta a ƙasa. "Uku na gwada. Sauran na ɗiga musu fenti kawai."

Ta so ya yi faɗa, da ya fi mata sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana bin layukan da babban yatsansa, sannan ya ce tun a ƙofar farko ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa ya ga awon bai zo ɗaya ba. Ya sake aunawa, haka. Sai ya dubi ɗigon, ya ce a ransa ƙarfen da Auta ta duba ba zai yi ƙarya ba, idonsa ne ya kasa karanta tef.

"Kwana goma sha shida ina zagin idona," ya ce. "Ni zan ba shi haƙuri ko ke za ki ba shi?"

Ta ce ya yafe mata. Ya ce yafiya ba ta da wuya, za a zo kanta, amma ta fara gaya masa sauran takwas ɗin suna ina. Ta ce biyu suna shago, shida an sayar. Ya tambaye ta ko ta san waɗanda suka saya. Ta ce huɗu ta gane fuskarsu. Ya ce to waɗannan huɗun ƙafarta za ta kai ta wurinsu, ta buɗe baki ta yi magana ko da layin gaba ɗaya ya taru yana kallonta, sauran biyun kuma sai ta yi ta tambaya har ta same su.

Ta ce to. Ta tsaya tana jiran ya ce wani abu game da akwatin, bai ce ba. Ya tashi ya je wajen ƙofofin kabad ɗin, ya ɗaga ɗaya yana juya ta, yana magana da kansa cewa katakon bai mutu ba, in aka bi a hankali gam ɗin zai saki. Da ta yi masa sallama ko juyowa bai yi ba.

Washegari ta riga Yaya zuwa shago. Ta gwada sikwaya biyun da suka rage, ɗaya ta tsallake, ɗayar ta kankare mata ɗigo da wuƙa ta jefa ta kwalin dila. Ta ari baro a wurin mai fenti, ta ɗora akwatin, ta tura shi ta tsakiyar layin, masu walda suna tambayarta ina likita za ta da sassafe haka. Da ta isa rumfar ta tarar Baba Kafinta ya riga ya kwantar da ƙofa ɗaya a kan tebur. Ya buɗe akwatin ya zaro gudumar katako, ya nuna mata inda za ta riƙe ƙofar, ya ce ta danne da kyau kada ta bari ta motsa.