Kaskon Dije

Mutane suna ce masa Kanta. Ni dai ban taɓa kama sunan nan a gabansa ba, sai yanzu da ba ya nan balle ya ji. Mijina ne, bafatake, ya ƙare ƙarfinsa a bayan jakuna, ya kai kanwa kudu ya komo da goro da baƙin zane. Da gwiwa ta ƙi, sai ya sayar da jakunan, ya bar guda ɗaya tsoho irinsa, ya ce mini mu tashi daga ƙauyenmu na bayan Gabi mu koma Madarumfa.

Ban yi musu ba. Ƙauyen ya riga ya watse, yau a ce mahara sun kore shanu, gobe a ce sun kama mutane a gona, kowa ya kwashi nasa ya nufi inda jama'a ke da yawa. Mu kuwa ba mu da nauyi. Uku na haifa, agana ta ɗauke biyu, na ukun ya bi ayari yamma, har yau shiru. Daga ni sai shi sai jakin, sai turmi da tukwane.

Amma shi ba mahara ke cin ransa ba. Yana da wani abokin tafiya, Yahaya, wanda ya riga shi ajiye sandar fatauci. Yahaya ya zauna a wani babban gari, ya gina gida mai doguwar katanga da ƙyaure, shi kaɗai. Ran da Kanta ya biya kai masa tsarabar goro, ungulaye ya tarar jere bisa ɗakin. Mutum ya mutu ya kwana da kwanaki, maƙwabta ba wanda ya sani. Ko wanka ba a iya yi masa ba, ruwa aka kwarara daga nesa, aka naɗe shi cikin tabarmar da ya cika a kai. Kanta yana cikin waɗanda suka ɗauka, kuma tun daga ranar abin bai bar shi ba.

A hanya ya ce mini, "Ladi, ban ƙi mutuwa ba, ai ba a ƙin ta. Ina dai so a san na mutu ran da na mutu."

Na ce, "To ni fa? Kututture ce ni a gidan?"

Ya ce, "Ke ma ai tsohuwa ce. In muka kwanta ciwo tare fa?"

Ka ji mutum! Muka ci gaba da tafiya har muka hango ruwan tabkin Madarumfa.

Mun iso bayan kaka, an gama ɗaure gero. Muka gai da mai gari, ya ce fili ba ya wuya, akwai a kan tudu wajen malamai, kusa da kushewun bayin Allah, akwai kuma a bakin tabki cikin masunta. Ya ce mu sauka ko'ina mu gani, inda ya kwanta mana a rai nan ne.

Tudu muka fara. Wani Malam Shu'aibu ya ba mu ɗaki a gefen gidansa. Wallahi wurin ya yi mini. Rairayi fes, an share ko'ina, darni dogo ba mai leƙa ka, ba abin da kake ji sai karatu da kukan kurciya. Sauro kuwa ko na magani. Rijiya ce dai da zurfi, amma na ce zan iya. Har na riga na zaɓi inda zan kafa rumbu, a gindin wata magarya.

Wata safiya na ɗauko kara zan hura wuta, sai Kanta ya ce in ajiye. Ya ce yau ba wuta, ba daka, ba fita, shi ma a ɗaki zai yi sallarsa. Na dube shi na ce halan tsufan ya fara taɓa kai. Ya ce in dai yi yadda ya ce. Muka zauna tsuru-tsuru da sauran furar jiya, hantsi ya yi, rana ta take, la'asar ta sakko. Ko akuya ba ta leƙo mu ba.

Washegari Malam Shu'aibu ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Jiya ban gan ka a sahu ba. Na ce halan gajiyar tafiya ce, na hana a dame ka." Ba zan ɗora wa bawan Allah nan laifi ba, mutumin kirki ne, kara ce da girmama baƙo. Kanta ya yi masa godiya mai yawa, ya dawo ya ce in ɗaure kaya.

Bakin tabki kuwa, tun daga nesa ƙarni ya yi mana maraba. Darni gajere iya ƙirji, shi ma duk kafa, agwagi na shiga suna fita kamar gidan ubansu. Komar kamun kifi shanye ko'ina, gorunan shiga ruwa jibge, yara tsirara. Wasu na salla, wasu in za a buɗe kamun kifi sai sun yanka wa ruwa baƙar kaza. Na ce, "Maigida, nan za ka kawo ni? Da girmana?" Ya yi kamar bai ji ba. Wani masunci, Audu, ya ba mu aron bukka a jikin gidansa.

Gari na wayewa, ko fuska ban wanke ba, sai ga mace ta faɗo mana. Ta yi sallama, amma ba ta jira an amsa ba. Gajera ce kakkaura, da goyo, da wani kasko mai ɓallen baki a hannu. Matar Audu ce, Dije.

"Goggo, an tashi lafiya? A san mini wuta."

Tana tsintar garwashi, idonta na yawo. Ta leƙa tukunya, ta leƙa randa, ta durƙusa ta gai da Kanta, ta tambaye shi gwiwa, ta tambaye ni me muka ci jiya. Na ce, "Ke, ga hayaƙi can na tashi a gidanki, dare da rana kina bandar kifi. Wace wuta kuma kike nema a wurina?"

Ta ce, "Af, Goggo, wutar banda ai ƙarni gare ta. In na dama kunu da ita yara ba sa sha."

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin wuta mai ƙarni ba. Na ce a raina wannan tsegumi ya kawo ta, ba komai ba. Washegari ta dawo da kaskon, da kashegarinsa ma.

Sai Kanta ya sake maimaita haukan nasa, ya ce yau ma kada in hura. Na ce to, mu sake zaman kurame. Ina! Ko hantsi bai ɗaga ba muka ji sallamarta. Muka yi shiru. Ta nufi murhu, na hango ta ta kafar asabari tana tona toka da hannu. Da ta ji sanyi sai ta yar da kaskon, ta yo ƙofar ɗaki. "Baba? Goggo? Lafiya?" Ta yaye asabarin, ta gan mu zaune muna kallonta, amma ta riga ta kwarma wa Audu kira ta bisa darni. Kafin ka ce kwabo gida ya cika, maza da jiƙaƙƙen bante, mata da ludayi a hannu, har da wata tsohuwa mai sanda da ta girme ni.

Kunya kamar in nutse. Dole na yi ƙarya na ce kaina ke ciwo. Ai kuwa na jawo wa kaina, suka jiƙo wani sassaƙe mai ɗacin tsiya, Dije ta tsaya a kaina sai da na shanye ƙwaryar tas. Shi kuwa gogan naka yana gefe, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Da yamma ya zauna kusa da Audu yana taya shi ɗinkin koma, ina jin su ta darni. Ya tambaye shi zancen wutar nan. Audu ya ce, "Haka muka tarar, Baba. Duk gidan da tsofaffi ke zaune su kaɗai, akwai matar da ke ɗibar wuta a can kowace safiya. In aka ce an zo duba ku, ai ba za ku so ba. Mu masu shiga ruwa ne, mun saba waiwayen wanda bai fito ba."

Kanta ya shigo ya ce, "Nan za mu zauna."

Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba. Na ce shi wurin mutuwa ya zo nema, ni kuwa wurin zama nake so, kuma zaman ya fi mutuwar tsawo. Na lissafa masa sauro, na lissafa masa ƙarni, na tuna masa magaryata. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Duk gaskiya ne." Bai ƙara ba, bai kuma canza ba. Shekara da shekaru ina tare da shi, na san in ya ce duk gaskiya ne, magana ta ƙare.

Audu ya nuna mana wani ɗan tsibi da ruwa ba ya kaiwa ko damina ta yi albarka. Suka yi mana gayya, aka tayar da ɗaki biyu da rumbu, aka kewaye da darni. Na ce a yi mini shi dogo. Suka ce to, suka yi shi iya ƙirji.

Muka zauna. Kanta yana tufkar igiya a inuwa, yana ba matasa labarin hanyoyin da ya bi, ni ina kaɗi ina sayar da daddawa. Kifi kam mun ci har ya gundure mu, ba ranar da ba a miƙo mana tarwaɗa ta bisa darni. Amma kada wani ya ce na saba. Sauron bakin tabki bai taɓa tausaya mini ba. Dije kuma ba wuta kaɗai take ɗiba ba, ta ari gishiri, ta ari muciya, ta ari faifai, kuma sai na bi sawu. Bakinta ba ya gajiya. In na yi tari sau biyu, kafin azahar duk unguwa ta san Goggo Ladi na tari. Ko bayan na san dalilin zuwanta ba ta fasa ce mini wutar banda ƙarni gare ta ba, ni ma ban fasa ce mata maƙaryaciya ba.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, masassara ta shigo unguwa. Ni ta fara kayarwa. Kanta ya yi jinyata da 'yar gwiwarsa, da yamma na ga shi ma yana rawar ɗari, ya ce ba komai, ya tafi ɗakinsa. Da gari ya waye na so in tashi, ƙafa ta ƙi. Na kira shi, muryar ko bakin ƙofa ba ta kai ba. Na kasa kunne, ban ji motsin butarsa ba, ban ji tarinsa ba. Ga ruwa ana yi tun asuba kamar da bakin ƙwarya, irin wanda ba mai fita ko da biki ake. Sai maganarsa ta hanya ta faɗo mini, in muka kwanta ciwo tare fa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ran da mahara suka zo. Na tuna Yahaya da ungulayensa, na yi ta kuka a kwance.

Can sai na ji takun ƙafa cikin taɓo. Asabari ya ɗaga. Dije ce, jiƙe sharkaf, ta kifa ƙwarya bisa kaskonta. Da ta ɗaga ƙwaryar sai na ga garwashi jajir a ciki. Tun da muka zo garin nan, ranar ce ta fara shigowa gidana da wuta.

Ta ce, "Ban ga hayaƙi ba, Goggo."

Na ce, "Bar ni. Je ki wurinsa."

Ta same shi da sauran numfashi. Ta yi kiran nan nata da na tsana, gida ya cika duk da ruwan. Audu ya hau tudu da gudu ya zo da Malam Shu'aibu. Mata biyu suka tallabe ni suka kai ni ɗakin, suka jingine ni kusa da kansa. An hura wuta da garwashin Dije, ɗakin ya yi ɗumi, mutane har bakin ƙofa.

Ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ni ya ce, "Ta zo?"

Na ce, "Ta zo."

Ya ce, "Da wuri?"

Na ce, "Da wuri, Maigida. Ko hantsi bai yi ba."

Ya lumshe ido. Malam Shu'aibu ya matso yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa. Bai daɗe ba ya cika. Da ruwan ɗumi aka yi masa wanka, a natse, aka sa shi cikin likkafanin da ni na kaɗa zarensa. Masunta suka ɗauke shi suka hau tudu da shi, malamai suka sallace shi, aka rufe shi a ranar kafin la'asar.

Da na gama takaba Malam Shu'aibu ya aiko, ya ce in ina so in komo tudu, ɗakin nan yana nan, magaryar ma tana nan. Na ce a gode masa, Allah ya saka da alheri.

Ɗazu ma Dije ta zo da kaskonta. Ta ɗebi wuta, ta leƙa tukunyata, ta tafi mini da muciya.