Ɗakin Almu

Shekara shida Almu ya yi yana kwana a bayan rumfunan 'yan hatsi a Babbar Kasuwa. Shekarar fari ya shigo Katsina daga wani ƙauye gaba da Batagarawa, bayan gero ya ƙone a gona, matarsa kuma ta rasu. Da dako ya fara, har ciwon ƙafa ya raba shi da ɗaukar buhu. Daga nan sai shara da tsintar tsabar da ta zube, kwana kuwa kan tsofaffin buhuna.

Ana nan arziki ya shigo gari. Ma'aikata suka hau babura, motocin siminti suka yi ta wucewa. Ƙungiyar 'yan hatsi, wadda Alhaji Babaji ke shugabanta, ta gina ɗakuna huɗu a wani fili cikin birni domin mutanen da suka daɗe suna kwana a kasuwa. Mutum uku suka tare. Almu ya yi godiya, ya yi addu'a, ya ce shi dai a bar shi inda yake. Wasu suka ce girman kai ne. Shi kuwa ya ci gaba da shararsa.

Wata rana da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke, Hajo mai tuwo ta same shi yana shanya buhunansa. Ta daɗe tana zuba masa tuwo, amma ba ta taɓa tambayarsa labarinsa ba sai ranar.

"Malam Almu, mi ke riƙe da kai a nan?"

Sai ya faɗa mata. Yana da 'ya, Saudatu. Tana shekara goma ya bar ta hannun goggonta, ya ce zai dawo da hatsi da atamfa, in kuma ya daɗe ta neme shi a 'yan hatsi. Kunya ta hana shi komawa hannu biyu.

"In na tashi, ta zo ba ta iske ni ba fa?"

Hajo ta kai maganar ga Alhaji Babaji. Shi kuma ya sa direban da ke ɗauko masa hatsi daga kasuwannin ƙauye ya yi cigiya. Mako uku sai ga amsa: Saudatu na nan lafiya, ta yi aure, har da goyo. Ta ɗauka ya mutu. Ta ce tana tafe ranar Juma'a.

Da Almu ya ji, ya dubi buhunan da yake kwana a kai. Ya tashi yana ɗingishi har rumfar Alhaji, ya gaishe shi, ya tambaya ko ɗakin nan yana nan. Alhaji ya ciro mabuɗi daga aljihu ya miƙa masa.

A ɗakin Saudatu ta same shi, cikin rigar da 'yan ƙungiya suka ɗinka masa. Ta durƙusa tana kuka, shi kuma ya kasa kallon fuskarta, sai ya karɓi jaririn. Mijinta ya roƙe shi ya bi su gida. Almu ya ce ƙafar ba ta noma, kuma likita ya fara duba masa ita, amma da Sallah zai zo.

Suka ci tuwon Hajo tare. Da la'asar ya raka su tasha, ya tsaya har motar ta cika ta tashi.