Funfunar Habiba

Habiba ta buɗe tukunyar, warin ruma ya bugi hancin Alhasan, yayan mijinta. Dusar gero ce a ciki, funfuna ta lulluɓe ta kore shar.

“Wanga ruɓaɓɓen abu za ki zuba ma tumatur?” in ji shi. “Ko akuya ba ta cin shi.”

“Ba don akuya ni yi shi ba, Yaya. Tsutsar saiwa yaka ci.”

Shekara biyu ke nan tumatir ɗin garkarsu ta Dogarawa yana yaushi tun bai yi fure ba. In an tuge shi, sai a ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi. Mijinta Manu ya yi ta yaƙar tsutsar da maganin kasuwa, wanda ake aunawa a gorar ruwa, ba suna ba takarda. Da hannu yake dama shi, kamar kowa, don a nan maganin da bai hau kai ba ana cewa ruwa ne. Tsutsa dai ba ta mutu ba. Idanun Manu ne suka tafi, ya makance.

Garkar kuwa gado ce da ba a raba ba. Alhasan ya yanke magana: in bana ma ba a samu komai ba, zai ba wani haya.

Wata malamar gona daga Malbaza ce ta ba ƙungiyar mata irin funfunar, ta koya musu renonta a dusa. Mata da yawa sun zubar da tasu da suka ga ta yi kore, wai ta lalace. Habiba ta riƙe tata, ta gauraya da taki, ta bi kowane rami tana zubawa. Maƙwabta suka sa mata suna Uwar Ruma. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta toshe kunne.

* * *

Ranar da Alhasan ya zo dubawa, bai kalli jan tumatir ɗin da ya yi nauyi a reshe ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya tuge tsiro ɗaya, ya kakkaɓe ƙasa, ya daɗe yana juya saiwar. Fara tas, siririya, ba ƙulli.

“Garka taki ta, ba sauran zancen haya,” ya ce. Har ya juya ya tsaya. “Akwai saura cikin tukunyar?”

“Akwai, Yaya. Amma ruɓaɓɓe na.”

Daɗi ya cika ta har ta ji kamar ta yi guɗa. Ta ɗauki tsiron ta nufi gida, ta tarar da Manu zaune a inuwar rumbu.

“Malam, miƙo hannunka.”

Ya karɓa, ya fara bin saiwar da yatsa, zare bayan zare, yana neman ƙulli. Ya kai ƙarshe ya sake farowa.

“Habiba,” ya ce a hankali, “tumatur ɗin ya yi ja sosai?”