Takobi a Gadon Baya

Abu ɗaya ne na gaskiya a cikin fim ɗin, kuma shi aka cire. Kafin la'asar ɗin ranar, jarumin fim ɗin yana asibiti da gocewar kafaɗa.

Abin ya faru ne ranar Talata, a wani tsohon sito na kamfanin sabulu da ke bayan tashar mota, inda aka gina ganuwar birni da falanki da soso, aka bi ta da fenti ruwan ƙasa. Daraktan, wanda kowa a gidansu ke kira Auta, ya ɗauki hayar wurin ne don shirinsa na farko mai dogon zango. Labarin wani maraya ne da ya tashi yana kiwon awaki, ashe ɗan sarki ne, ya kashe dodo, ya ƙwato birnin ubansa daga hannun matsafi. Wata tashar talabijin ta ce za ta saya, amma a sashen shirye-shiryen ilimantarwa za ta nuna shi, don haka ta gindaya sharaɗi: sai wani masanin tarihi ya sa sunansa, ya ce haka aka yi.

Masaniyar da aka samu yayar Auta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tarihin yaƙe-yaƙen tsakiyar zamani take koyarwa a jami'a, inda ake kiranta Dakta, inda kuma aka san ta da kayar da ɗalibi a kan kuskuren ƙarni ɗaya. Ba ta nemi aikin ba. Mahaifiyarsu ce ta kira ta a waya ta ce, "Sunanki zai ara, ba ƙodarki ba. Ki taimaki yaron nan."

Da ta shiga siton da hantsi, ta tarar da mayaƙa sanye da baƙar fata, kawunansu a buɗe, babu mai kwalkwali. An kunna wutar tsumma a jikin bango ko'ina, alhali rana na shigowa ta rufin kwano da ya huje. Ta ja ƙanenta gefe, bayan ganuwar, inda ake ganin ƙusoshi.

"Ina kwalkwalin da na ce?"

"Yaya, in na rufe musu fuska wa zai gane su? Fuskar ake saye."

"Masu fuskar ma so suke su koma gida da ita, shi ya sa suke rufewa. Ina masu mashi?"

"Mashi ba ya kyau a kyamara. Sanda ce mai tsini."

"Sandar mai tsini ita ta ci yawancin yaƙoƙin duniya. Birni irin wannan kuwa ba a hawansa da igiya ana ihu. Zama ake yi a ƙofarsa wata da watanni, yunwa na cin na ciki, atuni na cin na waje, har a samu wanda zai buɗe ƙofa."

"To sai in sayar wa tasha fim ɗin masu gudawa?" Auta ya yi dariya, ya ga ba ta taya shi ba, ya haɗiye. "Ai na ɗauka dodon za ki yi wa faɗa."

"Dodo bai dame ni ba, kowa ya san ƙarya ce. Wancan ne ya dame ni, don shi za a yarda da shi."

Takobin jarumin take nufi. Mai walda ne ya ƙera shi da ƙarfen mota, ya kusa kai ƙirjin mutum tsawo, an ɗaure kubensa a gadon bayan jarumin, ƙotar ta leƙo ta saman kafaɗa. Ta ce masa takobin gaske bai fi kaza nauyi ba, wannan kuwa ya kai ɗan akuya. Ta ce a kwankwaso ake ratayawa, kuma babu hannun ɗan Adam da tsawonsa zai isa ya zaro irin wannan daga baya. Zai maƙale a rabi.

"Mun sani," in ji Auta. "Yanke hoton muke yi. Ya kama ƙota, mu yanke, sai ga shi a hannunsa. Kar dai ki gaya wa Dogo, yana ganin laifinsa ne, kuma hakan na sa shi ƙoƙari."

Dogo shi ne jarumin, tsohon ɗan ƙwallon kwando, mai ladabi har ya yi yawa. Ya zo ya rusuna ya gaishe ta da takobin a bayansa, ƙarshen kuben ya daki ƙasa.

"Dakta, don Allah me nake yi ba daidai ba? Kullum a gida sai na gwada, matata har ta kwashe fitilun falo."

Ta buɗe baki, Auta ya tafa hannu ya ce kowa ya koma wurinsa, manyan baƙi sun iso.

Abu ɗaya ta yi nasarar cusawa a fim ɗin, bayan musu mai tsawo: rigar yaƙi ta auduga, mai kauri, an ɗinke ta layi-layi, rabi ja rabi rawaya. Irinta talakan soja ke sawa a ƙasashe da dama, don tana tare sara kuma ba ta kai sulke tsada ba, mutanen da kuwa suna son launi kamar kowa. Ita ta zana, ita ta zauna a kan tela har ya gama. An sa wa mai gadin ƙofar birni ita, yana tsaye a tsakiyar masu baƙar fata.

Manajan shirye-shiryen tashar ya shigo da waya a kowane hannu. Ya zaga, ya ƙwanƙwasa ganuwa, ya yaba wutar tsumma, ya ce wurin har warin tarihi yake yi. Warin kananzir ne. Sai ya tsaya a gaban mai gadin ƙofa.

"Wannan fa? Katifar wa ya yafo?"

Aka yi dariya, har da mai gadin.

"Darakta, mu fa ilimi muke nunawa. Masu kallo ba yara ba ne, suna ganin wannan za su ce mun raina musu hankali. Zamanin da duhu ne, fata ce, ƙarfe ne. Ko ba haka ba, Dakta? Ke kin yarda da bargon nan?"

Dakta ta dubi rigar. In ta kare ta, tambaya ta gaba ita ce: to sauran fa? Kuma ba ta iya ba da rabin amsa a kan aikinta ba. Ta dubi Auta. Yana tsaye a bayan manajan, ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji, yadda yake yi tun yana ƙarami in ya fasa wani abu ita kaɗai ta gani.

"Darakta ke da fim ɗinsa," ta ce.

Aka tuɓe wa mai gadin rigar, aka jefa ta kan wata kujerar roba.

Daga nan aka nuna wa manajan fitowar jarumi. Dogo ya kama ƙota, Auta ya ce a yanke, manajan ya ɗaga hannu.

"A'a. Ba na son yanke-yanke a nan. Wannan shi ne hoton talla, a yi shi tashi ɗaya. In mutanen da sun zare, shi ma zai zare, ga shi kamar falwaya. Dakta, ai sun yi amfani da irin wannan ko?"



"An samu takubba masu irin wannan tsawo," ta ce.

Gaskiya ce. An same su, a kafaɗa ake saɓa su kamar fartanya, ko a ɗora wa dabba. Wannan ɓangaren ba ta faɗa ba, ba a kuma tambaye ta ba. Manajan ya ce madalla. Dogo ya yi mata murmushi, ya gyara tsayuwa.

A gwajin farko takobin ya maƙale a rabi. A na biyu ma haka. A na uku Dogo ya gantsare, ya cije leɓe, ya fizga da dukkan ƙarfinsa. Mai ɗaukar sauti, wanda ke da abin ji a kunne, shi ya fara jin ƙarar gocewar kafaɗar, ya cire ya jefar. Dogo ya durƙusa, hannunsa na dama na lilo, takobin na nan rabi a ciki rabi a waje.

A motar Auta aka kai shi asibiti. Dakta ta zauna a baya tana tallafe da gwiwar hannun, duk ramin da aka faɗa sai Dogo ya ce, "Yi haƙuri, Dakta," kamar ita ke jin ciwon.

A ɗakin gaggawa wani likita mai furfura ya mayar da kafaɗar, ya rataye hannun a wuya, sannan ya nemi jin yadda aka yi. Auta ya nuna masa hoton takobin a waya. Likitan ya ɗaga tabarau, ya duba, ya sake dubawa.

"Wa ya ce maka ana zare wannan daga baya, samari?"

"Haka mutanen da suke yi, likita. Ga Dakta nan, ta jami'a, ita ta tabbatar. Ni ne dai ban iya ba," in ji Dogo.

Likitan ya dube ta ta saman tabarau. Ya ci gaba da rubuta magani.

Wayar Auta ta yi ƙara, ya fita baranda. Da ya dawo fuskarsa ta kasa zaɓar yanayi ɗaya. Ya ja yayarsa kusa da taga, ya rage murya. Manajan ne. Ya jajanta, ya ce raunin ma shaida ce cewa da gaske ake aikin. Tasha ta amince za ta saya. Sharaɗi ɗaya aka ƙara: suna a rubuce bai isa ba, Dakta za ta fito da fuskarta a farkon kowane kashi, ta ce wa masu kallo abin da za su gani haka ya faru.

"Yaya, ɗalibanki ba sa kallon wannan tashar."

"Iyayensu na kallo."

"Mama ta ce in kin ƙi, in haɗa ki da ita."

Aka turo Dogo a keken marasa lafiya, allurar ta fara sa shi lumshe ido. Da ya zo daidai da ita ya sa aka tsaya.

"Dakta, in na warke, za ki nuna mini yadda suke yi?"

"Ka warke tukuna," ta ce.

Likita ya ce hannun zai yi makonni a rataye. Tashar ta ba da wa'adi zuwa Juma'a ta ji amsar Dakta. Har suka rabu a bakin ƙofar asibiti, kowa ya nufi hanyarsa, Dakta ba ta ce wa ƙanenta e ba, ba ta kuma ce a'a ba.