Keken Gambo a Haƙoran Kura

Ba a daɗe da barin fam da sule an koma naira ba ƙanena Gambo ya sayar da audugarsa a Gusau, ya dawo mana da keke. Baƙi ne, ɗan Ingila, da ƙararrawa, da kariya ta ɗaukar kaya a baya. Ni Shafa'atu ni na goyi Gambo bayan rasuwar innarmu, na san rowarsa na san kirkinsa, amma ban taɓa ganin abin da ya shiga ransa kamar ƙarfen nan ba. Ya kai wa baduku aka naɗe jikin keken da jar fata don kada fenti ya kuje. Da safe ya goge, da yamma ya goge. A ɗaki keken yake kwana, a kan tabarma. In yaro ya kuskura ya taɓa ƙararrawar, ranar sai unguwa ta ji.

Ƙauyenmu yana gefen Tsafe. Gidan surukansa kuwa yana can bayan Dutsen Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu, inda mota ba ta zuwa. Hanyar ƙafa ce da shanun Fulani suka fitar, ta bi ta cikin ƙaya da busasshiyar ciyawa, ta gangara wata ƙorama da ba komai cikinta sai yashi, ta sake hawa tudu. A tsakiyarta akwai wurin da muke ce wa Haƙoran Kura, inda duwatsu masu kaifi suka fito tsaitsaye, sai an yi tafiya mai ɗan nisa kafin a fita a gindin wata tsamiya. Samarin garinmu masu kai goro da gishiri rugage a kan keke suke ratsa wurin, suna tsalle suna ihu, in taya ta fashe su cusa mata ciyawa su wuce. Gambo kuwa in ya iso sai ya sauka, ya durƙusa, ya zura kafaɗa ƙarƙashin ƙarfen, ya saɓa keken ya yi gaba. Mutum ya sayi abin hawa, abin hawa ya riƙa hawansa! Na yi masa tsiya har bakina ya gaji, ko a jikinsa.

Matarsa Rakiya yarinya ce mai haƙuri, ba ta da yawan magana. Bayan kaka suka je gaishe da iyayenta, aka ba ta dawa a ƙwarya ta ɗauko a ka. Da suka zo Haƙoran Kura gogan naka ya saɓa kekensa ya wuce gaba kamar kullum. Ya isa gindin tsamiya, ya sauke, ya ciro tsumma ya share ƙura, ya zauna jiran Rakiya. Shiru. Da ya gaji da jira ya koma da baya, sai ya tarar da dawa a watse tsakanin duwatsu, da ɗigon jini a kan wani dutse. Tuntuɓe ta yi, farcen babban yatsanta ya cire. Daga nan ta juya gidan ubanta.

Ya je biko shi kaɗai, surukinsa Malam Yusha'u ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi fura, ya ce ya koma ya zo da babba. Babban kuwa ni ce, ba shi da wata. Kwanakin nan Gambo ya rame, tuwo ma sai na tsaya a kansa yake ci. Yana son yarinyar nan, wannan ba ni da shakka. Sai dai har ranar da muka kama hanya bai gane laifinsa ba.

"Yaya, ni mi na yi?" in ji shi. "Ni na aje dutsen nan ga hanya?"

Na ce masa ya yi mini shiru kafin in manta shi magidanci ne. Muka tafi, shi yana tura keke, ni ina biye da ƙafa, don ni ma ba a taɓa yi mini tayin goyo ba. A Haƙoran Kura ya sake saɓa abinsa.

Da muka isa, maza suka zauna a zaure, ni na shige ciki. Rakiya tana zaune a bakin ɗakin uwarta tana tsince wake. Kallo ɗaya na yi mata na gane abin da sakaran ƙanena bai gane ba. Fuskarta ta yi haske, ƙafafunta sun kumbura. Cikin fari ne, kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa kowa ba. Na zauna kusa da ita na fara ba ta haƙuri a kan yatsan.

"Yaya, ba yatsa yas sa na dawo ba," ta ce, idonta a kan faifai. "Na hwaɗi, na kira shi, na ƙara kira. Ina zaune ina kallon bayanshi har ya ɓace. Ko sau guda bai waiwayo ba."

Raina ya sosu ƙwarai.

Ta ce Baba ya ce ta koma, kuma ba za ta ƙi maganarsa ba. "Za ni bi ku har Haƙoran Kura. In ya saɓa kekenshi ya wuce gaba, nan za ni juyo, kuma ba ni ƙara komawa. Don Allah, Yaya, kada ki gaya mishi. In kinka gaya mishi, ke kinka waiwayo, ba shi ba."

Ta sa na rantse. Da na sani da ban yi ba, don tun daga ƙofar gidan maganar take cin bakina.

Muka taso da hantsi, rana ta fara zafi. Gambo yana gaba yana tura keke, bakinsa har kunne, shi a ganinsa magana ta ƙare. Har yana ba mu labarin wani sabon famfon iska da ya gani a kanti a Gusau. Rakiya tana baya tana ɗingisa ƙafa, ƙunshin kayanta a ka. Ni ina tsakiya ina ta gyaran murya kamar mai mura, ina harararsa, ina kai ido wajen Rakiya. Ya juyo ya ce, "Yaya, ƙura ta shiga miki maƙoshi?" Allah ya sani na so in kai masa duka da takalmina.

Muka gangara ƙorama, muka haura tudu. Wasu Fulani suka wuce mu da shanu, muka gaisa. Can sai ga duwatsun sun bayyana, baƙaƙe, zafi na tashi daga jikinsu. Rakiya ta ƙaraso kusa da keken ta tsaya cak a bakin wurin, ta gyara zaman kayanta.

Gambo ya tsayar da keke. Ya naɗe hannun riga. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya zura kafaɗa ƙarƙashin ƙarfen. Ni dai na rufe ido na fara salati a zuci.

Da na ji shiru ya yi yawa sai na buɗe. Yana nan durƙushe, bai miƙe ba. Durƙusawar nan ta kawo idonsa daidai ƙafafun Rakiya, ga su a gabansa, a kumbure har sun fi ƙarfin takalmin, babban yatsan ɗaure da tsumma ya yi baƙi da ƙura. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago ya dubi fuskarta, ya dubi jikinta, ya sake duban ƙafafun. Sannan ya zare kafaɗarsa a hankali.

Ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke ta, ya shimfiɗa a kan kariya. Ya sauke kayan da ke kanta ya miƙo mini ko neman izini babu.

"Hau," ya ce mata.

"Malam, duwatsu ne."

"Na gan su. Hau."

Ta zauna a karkace, ta riƙe sirdi da hannu biyu. Ya kama kan keken da hannu ɗaya, ɗayan ya tallafe bayanta, ya fara turawa. Keken da ko yaro ba ya taɓawa, yau ga shi yana karo da duwatsu, yana ƙara, ƙararrawa na kaɗa kanta. Wani dutse ya yage jar fatar nan, ya kuje fenti har farin ƙarfe ya fito. Ni da kaina sai da na ji tausayin keken. Gumi ya jiƙa wa Gambo 'yar shara, yana zaɓar mata wuri mai sauƙi, yana cewa ta ɗaga ƙafa nan, ta riƙe da kyau can.

Mun kusa fita, ana hango tsamiya, sai tayar baya ta hau wani dutse mai baki kamar wuƙa. Ta fashe da ƙara, tsuntsaye suka watse. Keken ya karkace, ya tare shi da gwiwa.

Na dubi tayar. Rakiya ma ta sunkuya ta dubi tayar. Gambo kuwa ko ƙasa bai kalla ba, fuskarta yake duba.

"Kin bugu?" ya ce. "Wani wuri ya yi miki ciwo?"

Ta girgiza kai. "Malam, tayar..."

"Ba ita na tambaya ba."

Sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Ni ma na juya baya na yi kamar ina gyara kayan da ke kaina, don hawaye sun zubo mini, kuma ba na son yaron da na goya ya gani.

A haka ya ƙarasa da ita, ƙarfen taya yana gurzar dutse, har gindin tsamiya. Ya sauke ta a inuwa, ya ce ta zauna ta huta, zai nemo ciyawar da zai cusa wa tayar. Bai yi nisa ba ya waiwayo ya dube ta. Ya ƙara 'yan taku ya sake waiwayowa.

Rakiya ta share ido. Ta jawo keken kusa da ita, ta kama bakin zaninta, ta fara goge ƙurar da ke kan inda ya kuje.

"Yaya," ta ce, "in mun isa gida, akwai ragowar dawa ko sai na yi daka?"