Jirgin Wahabu da Filin Alhaji Mumuni

Ni Mikaila direban lori ne, Bawku zuwa Salaga ta Yendi, kuma ban taɓa son jirgin sama ba. Abin da ba ya tsayawa a hanya mutum ya sauka ya miƙe ƙafa, ban ga abin yabo a jikinsa ba. Amma a shekarar tamanin da takwas sai da na ɗauki jirgi a bayan lorina, saboda Wahabu.

Wahabu maƙwabcina ne a zangon Bawku, mai walda. Hannunsa na da kyau, kansa ne ba ya zama wuri ɗaya. Tun da ya ga jirgin masu feshin magani a kogi ya wuce ƙasa-ƙasa, shi ke nan. Ya samo injin babur, ya sa aka sassaƙa masa farfela da icen maɗaci, ya haɗa gangar jiki da bututun ruwa. Aka tambaye shi me ya sa jirgin ya yi tumbi haka, ya ce zabo ya kwaikwaya, don shi ne tsuntsun da ya sani ciki da waje. Har yana cewa in ya gama zai ƙera na zuwa wata, mai taga ta kowane gefe don a gane alƙibla, da ƙugiyar rataye buta.

Matarsa Rashidatu ta jure duk wannan. Ranar da ta dawo kasuwa ta tarar ya kwashe kwanon rufin kicin ɗinta ya yi fukafukai, ga damina a bakin ƙofa, sai ta ɗaure kayanta ta shiga lorina, na kai ta gidan ubanta a Salaga.

Uban, Alhaji Mumuni, dillalin doya ne, jikan fataken goro, ba ya magana biyu. Da dattawa suka je biko, ya ce a gaban jama'a, "Ku gaya masa, ranar da jirgin nasa ya taso ya sauka a Salaga, ya ɗauki matarsa." Gatse ya yi. Wahabu kuwa bai san gatse ba, ya ce ya ji ya karɓa. Ya rame, ya daina zuwa majalisa, kullum yana ƙarƙashin zabonsa. Yana son matar nan ƙwarai, ni shaida ne, don duk dawowata tambayarsa ɗaya ce: ta yi maganata?

Aka sa ranar tashi a filin ƙwallo. To, a zango matafiyi ba ya tafiya hannu sake, kuma ba a ƙin saƙo. Tun da safe mutane suka fara zuwa. Wannan albasa ce ta ɗansa a Yendi. Wannan daddawa. Wannan zabbi biyu a kwando, a kai wa suruki. Mma Lariba, tsohuwar unguwarmu, ta zo da ƙwai cikin ƙwarya da dutsen niƙan yaji na 'yarta.

"Kai da za ka bi sama," ta ce, "ba rami ko ɗaya koraa, ƙwai ba za ya fashe ba."

Na ja shi gefe. "Wahabu, ka ce musu a'a mana!"

"Masta Mikaila, yaya zan ce ma Mma Lariba a'a? Ita ta goye ni paa."

Haka aka ɗaure kaya a ciki, a wutsiya, har a ƙarƙashin fukafukai. Injin ya tashi da ƙara, awaki suka watse, jirgin ya ruga da gudu, ya ratsa fili, ya shiga gonar gero ya tsaya. Ko taƙi ɗaya bai ɗaga daga ƙasa ba. Mutane suka ce kaya ne suka yi yawa. Ni ina da nawa ra'ayin, amma na ga yadda ya zauna ya rufe fuska da hula, sai na haɗiye.

Saƙo dai an riga an karɓa, dole ya isa. Babu mai iya gane ƙullin wani, sai muka ɗora jirgin a lori yadda yake, da kayansa. Wahabu ya hau sama ya riƙe fiffike. A Yendi muka raba rabin saƙon, garin ya fito kallo, wani malami ya yi wa jirgin addu'a a kan lori. Daga nan har Salaga Wahabu yana rungume da fiffikensa. Ya san ya faɗi sharaɗi.

Abin da ba mu sani ba, Alhaji Mumuni ya daɗe da nadamar gatsensa, ga shi ba ya janye magana. Sai ya shiga gyara wa surukinsa filin sauka. Ya taɓa raka mahajjata filin jirgin Tamale, ya dawo yana cewa bai ga wurin da aka raina baƙo irinsa ba: fili fetal, ba inuwa, ba abin sa wa a baki. Shi ya zaɓi wuri mai manyan itatuwan mangwaro a tsakiya, ya sa randunan alwala, ya shimfiɗa tabarmi, ya kafa benci. Inda inuwa da benci suke kuwa, mai koko za ta zo. Mai shinkafa da wake ta bi ta. Kafin mu iso, filin jirgin Salaga ya zama kasuwar doya mai ci.

Muka sauke jirgin da igiya tsakanin tarin doya. Wahabu ya durƙusa ya gai da surukinsa, ya ce bai tashi ba. Sannan ya dubi itatuwa, ya dubi rumfuna, ya ce da zuciya ɗaya, "Amma Baaba, ko na tashi, a nan ba inda zan sauka."

Alhaji ya juya ya kalli filinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya shafa gemu. "To. Kai ba ka tashi ba, ni ban ba ka masauki ba. Ba wanda zai yi wa wani dariya. Saura magana ta Rashidatu ce."

Ta fito daga cikin mata, ta zagaya jirgin a hankali. Ta leƙa ciki ta daɗe.

"Wai da wannan za ka zo ɗaukata?"

"Da shi."

"Kujera ɗaya na gani. Ni a ina zan zauna?"

Wallahi gaskiyarta ce. Wahabu ya auna iska, ya auna fiffike, ya sama wa albasar kowa wuri, ya manta da wadda ake yi dominta. Idonsa ya cika. Ta juya za ta tafi.

Sai ya cire hularsa ya goge kujerar tas, ya riƙe mata fiffike.

"Ke za ki zauna," ya ce. "Ni zan tura."

Ta tsaya. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gyara mayafi, ta sa ƙafa ta hau. Ya koma baya ya sa kafaɗa a wutsiya, masu doya suna janye kayansu, yana turawa yana haki.

"A hankali," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Bawku da nisa."