Ƙarshen Sahu, Kusa da Ƙofa

Ranar da 'yarmu Sa'ida ta ce mini dangin Abdulmalik za su fara bincike a kanmu, tuwon da nake tuƙawa sai da ya kama. Yarinyar tana son yaron, shi ma yana son ta, tela ne a Ƙofar Nassarawa mai hankali da ladabi. Amma na san yadda mutanen cikin birni suke bincike. Ba sa tambayarka, masallacin unguwarku suke zuwa su tambayi liman ko uban yarinya yana sallar jam'i. Maigidana Malam Ɗalha kuwa, tun da muka baro ƙauyenmu muka kama haya a Zaitawa, bai taɓa tsayawa a sahu ba.

Ba ƙin salla yake yi ba. Ladan na kira zai yi alwala, ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida, ya yi abarsa shi kaɗai. Da safe ya tafi dako a Jakara, da yamma ya dawo. 'Yan unguwa kuwa ba su bar mu ba. Wasu suka ce Malam Ɗalha aƙida ce ta hana shi bin limaminsu, wasu suka ce girman kai ne, kamar ɗan dako yana da wani girman da zai ɗora wa kai bayan buhun da yake ɗauka.

Ni kaɗai na san dalili. A masallacin ƙauyenmu 'yan bindiga suka same su, suna cikin sujadar magariba. Yana sahun gaba, ƙaninsa yana gefensa, shi ya fito, ƙanin bai fito ba. Tun daga ranar, in ya ga mutane sun tsaya tsakaninsa da ƙofa sai jikinsa ya ɗauki ɓari, gumi ya jiƙe masa riga. Mun sha rubutu, an yi masa ruƙiyya, na turara duk abin da aka ce in turara. Ya hana ni faɗa wa kowa, wai gara a ce masa mai taurin kai da a ce masa mai taɓin hankali. A nan ban yi masa musu ba, don gidan da aka ce akwai hauka ba a zuwa neman aure.

Awon hawan jini ya kai ni ƙaramin asibitin unguwa. Malamar da ta auna ni ta tambaye ni me nake sawa a raina haka, sai kawai bakina ya kwance. Ta ce suna da wani ma'aikaci, Malam Zaharaddeen, aikinsa ke nan zama da mutanen da suka ga tashin hankali. Na ce ta rufa mini asiri, maigidana ko da igiya ba zai zo asibiti ba. Ta ce ai ba sai ya zo ba, in ya yarda shi za a je wa.

Da ƙyar ya yarda, shi ma don Sa'ida. Na zaci zan ga likita da farar riga, sai ga wani dattijo mai ƙiba a kan tsohon babur, da jallabiya da hula zanna, kamar wanda ya zo gaisuwar suna. Ina leƙe ta labule. Bai zauna ba sai da ya tambayi maigidan inda ya fi son zama, maigidan ya zaɓi bakin ƙofar zaure, shi kuma ya koma can ciki ya bar ƙofar a buɗe. Suka yi ta hirar damina da farashin gero. Haushi ya kama ni, na ce a raina wannan shayina kawai ya zo sha.

Ya ci gaba da zuwa. Bai taɓa ce masa ya ba da labarin abin da ya faru ba. Ya dai gaya masa cewa abin da yake ji ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, jiki ne da ya tsorata bai samu labarin an tsira ba. Ya koya masa jan numfashi a hankali yana bin carbinsa. Daga baya suka fara zuwa masallacin da hantsi, lokacin da babu kowa sai tabarmi, su zauna a dokin ƙofa su tashi.

Wata rana na ji Malam Zaharaddeen ya ce: "Malam Ɗalha, ina so liman ya shigo cikin maganar nan. Amma in ka ce a'a, a'a ce. In ka yarda kuma, kai za ka zaɓi abin da za a faɗa masa."

Maigidan ya ce a faɗa wa liman yana buƙatar ƙofa kusa da shi, kada a ƙara komai.

Liman Isyaku, Allah ya saka masa, bai nemi ƙari ba. Ya sa ladan ya riƙa barin ƙofar gefe a buɗe, aka bar wa maigidan ƙarshen sahun baya, inda kafaɗarsa ɗaya take waje. Zuwansa na farko raka'a ɗaya ya yi ya sallame, ya dawo gida yana haki, ya ce shi kam ya haƙura. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Malam Zaharaddeen da ya ji, sai ya ce raka'ar nan ɗaya a bara ko ita babu, kuma duk ranar da ya ji ba zai iya ba ya fito, ba wanda ya ɗaure shi. Maigidan ya koma. Wata rana ya kammala, wata rana ya fito, har fitowar ta yi ƙaranci.

Ana cikin haka baffan Abdulmalik ya zo unguwar, ya yi la'asar a masallacinmu. Matar ladan ce ta aiko mini da labari. Na zauna a bakin murhu na kasa hura wuta. Aka idar da salla, na ji maza suna wucewa ta lungu, maigidan shiru. Sa'ida sai shiga ɗaki take tana fitowa ba abin da ta ɗauko.

Rana ta yi sanyi sosai kafin maigidan ya yi sallama. Ya zauna a kan turmi ya ce baffan ya tambayi liman me ya sa wannan bawan Allah yake maƙale a ƙofa alhali akwai gurbi a gaba, liman ya ce ga shi nan, a tambaye shi.

"Sai ka ce masa me?" na tambaya.

"Na faɗa masa duka. Masallacin, da ɓarin jikin, da Malam Zaharaddeen."

Na buɗe baki zan ce ya kashe wa yarinya aure, sai na ga fuskarsa a sake, irin yadda na manta da ganinta.

Ya ce da baffan ya gama ji, cewa ya yi ranar Asabar za su kawo goron sa rana, in mun shirya. Sa'ida da take laɓe ta ruga ɗaki, ni kuwa na yi wata ajiyar zuciya.

"Kande, ba shi ke nan ba," in ji maigidan. "Ya tambaye ni sunan wanda ya rasu. Na ce Lawal. Sai ya kira liman da waɗanda suka rage a masallacin, aka ɗaga hannu aka yi masa addu'a, suka bi layi suna yi mini gaisuwa."

Tun da muka zo garin nan ba wanda ya taɓa yi masa ta'aziyyar ƙaninsa, don a unguwar ba wanda ya san ya yi rashi. Na gyara mayafina, na durƙusa a gabansa, na ce ya haƙuri, Allah ya jiƙan Lawal. Ya ce amin, sannan ya rufe fuskarsa da hularsa ya yi kuka.